Yadda Ake Kwantar da Raɗaɗin Ƙunar Rana a Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, ma'aunin zafi a Katsina da Daura yakan haura digiri 40 da tsakar rana. Mai noman rani a bakin dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya, da birkila a kan katanga, da yarinya mai talla, da wanda ya wuni a karar dabbobi ta Mai'aduwa ba rumfa, duk sukan koma gida suna ganin lafiyarsu ƙalau. Sai bayan magariba ƙeya da kafaɗu da karan hanci su ɗauki zugi kamar an goga barkono, wuyan riga ya taɓa wurin mutum ya zabura. Ƙunar rana ke nan. Ƙuna ce ta gaske, 'yar'uwar ta ruwan zafi, kuma da ƙa'idar ƙuna ake jinyarta: a fara cire zafin da ruwa, a bi da abin da zai riƙe danshi, mai kuwa sai can daga baya. Yawancin wahalar da ake sha daga juya wannan tsari take zuwa, da kuma abubuwan da ake yaɓa wa fatar cikin gaggawa.

Abin da ke ƙona fatar wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa UV a jikin robar man kariya daga rana. Jiki ba ya jin sa a lokacin da yake ɓarnarsa, shi ya sa ranar da iska ke kaɗawa, ko gajimare ya ɗan rufe sama, mutum yakan saki jiki ya ƙone bai sani ba. Hasken yana raunata saman fata, sai jiki ya buɗe ƙananan hanyoyin jini ya turo jini wurin don gyara, daga nan zafi da kumburi da raɗaɗi suke tasowa. Alamar takan fara bayan awa 2 zuwa 6, ta kai maƙura tsakanin awa 12 da 24, fatar kuma ta fara saɓa daga kwana na 3 zuwa mako guda. Saboda haka zugin da aka ji da magariba zai ƙaru cikin dare. Haka ciwon yake tafiya, kada a ɗauka jinyar ce ba ta yi ba.

Gane ta a baƙar fata

Ana yawan cewa baƙin mutum ba ya ƙonewa. Gaskiya ne launin fatarmu yana tare wani kaso mai yawa na hasken, amma bai tare duka ba. Bambancin kawai shi ne jan da ake gani ƙarara a jikin farar fata ba ya fitowa fili a namu. Abin dubawa shi ne: wurin ya fi sauran jiki zafi in an ɗora bayan hannu, ya yi tauri yana ɗan sheƙi, ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka, kuma yana ciwo ko da taɓawa kaɗan. Babbar shaida ita ce iyaka. Ɗaga hannun riga ka duba: inda tufa ta rufe lafiya lau, inda ta bari kuwa ciwo, layin a miƙe kamar an ja shi da alli.

Wannan iyakar ce ke raba ta da ƙurajen zafi. Su ƙurajen zafi ƙanana ne birjik, suna tsikari, kuma inda tufa ta rufe gumi ya taru suka fi fitowa, kamar hammata da ƙirji da gadon baya. Maganinsu wanka da iska da sakakkiyar riga. In aka lafta musu mai, ƙaruwa suke yi.

Akwai waɗanda rana ke ƙonawa cikin mintuna ƙalilan. Na farko zabiya, domin fatarsu ba ta da launin da ke karewa. Sai jarirai. Sai masu shafa man bilicin, wanda ke kankare launin, wani kuma ya sirantar da fatar har jijiyoyi su fito. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka. Sai kuma mai shan wasu magunguna da ke sa fata ta kasa jure rana, irin su doxycycline da tetracycline da ciprofloxacin, da griseofulvin na makero, da hydrochlorothiazide na hawan jini. Wanda bai saba ƙonewa ba ya ga ya ƙone kwatsam, ya fara duba kwalin maganin da yake sha. Kada ya daina da kansa, musamman na hawan jini. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa ya yi bayani.

Awa ta farko: ruwa

A shiga ɗaki ko zaure, inuwa mai rufi. Inuwar dalbejiya ta fi babu, amma haske yana ratsa ganye, rairayi da farar katanga kuma suna maido shi daga ƙasa da gefe. A cire zobe da agogo da warwaro tun kafin wurin ya kumbura.

Ruwan da ake so shi ne mai sanyin randa ko tulu. A kula da ruwan famfo da rana tsaka: wanda ya sauko daga baƙin tankin roba da ke saman rufi ya wuni yana dahuwa, yakan fito da zafin da zai ƙara wa ƙuna ƙuna. A tara shi a bokiti ya huce, ko a ɗebo na randa.

In wurin mai faɗi ne, kamar baya da kafaɗu, a zauna a kan kujera 'yar tsugunno a riƙa zuba ruwan da moɗa a hankali, minti 15 zuwa 20. Ba soso, ba sabulu a wurin. In wurin ƙarami ne, kamar fuska ko ƙeya, a samu tsohuwar atamfa mai laushi wadda ta sha wanki, ko tawul mai tsabta, a tsoma a ruwan, a matse kaɗan, a shimfiɗa a kai. Cikin minti 2 ko 3 za a ji ƙyallen ya ɗauki ɗumi, to ya gama aikinsa, a sake tsomawa. Ƙyalle biyu sun fi sauƙi, ɗaya a jiki ɗaya a ruwa. In ana fifita da mafici a kan jiƙaƙƙen ƙyallen, sanyin yakan ninka, domin busasshiyar iskar bazara tana saurin ɗauke ruwa, tana tafiya da zafin tare da shi. Da wannan dabarar ce randa ke sanyaya ruwanta. A maimaita bayan kowace awa 2 ko 3 a ranar farko, da kuma dab da kwanciya.

Ƙanƙara ba ta hawa kan ƙuna kai tsaye. Tana matse hanyoyin jinin da fatar ke buƙata don warkewa, tana kashe jin wurin har mutum ya kasa gane tana cutar da shi, kuma da an ɗauke ta zugin yakan dawo fiye da da. Wanda ya sayo ƙanƙara ya jefa guntu a bokiti ya rage ɗumin ruwan, shi ke nan amfaninta a nan. Mai sikila ya ƙara kiyayewa, domin ruwa mai tsananin sanyi yana iya tayar masa da ciwon ƙashi. Shi da ƙaramin yaro da tsoho, ruwa mai ɗan sanyi-sanyi ya ishe su, kuma da an ga suna rawar ɗari a dakata.

Bayan an gama, a dangwala tawul a hankali, kada a goge. A bar ɗan danshi a fatar, a kansa ne za a shafa abin da zai biyo baya.

Sha kafin ƙishi ya matsa

Ƙuna tana jan ruwan jiki zuwa fata, ga kuma gumin da aka zubar tun safe. Babban mutum ya nemi shan lita 2 da rabi zuwa 3 a yini, wato ledar fiya wata 5 zuwa 6, kaɗan-kaɗan. Fitsari ne ma'auni: in ya fito kaɗan kuma launinsa ya yi duhu kamar shayi, ruwan bai isa ba. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda ya tsaya a kan abin da aka ce masa.

In akwai jiri ko kasala ko ɗaurewar jijiyar ƙafa, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Sacet ɗin ORS na kemis ya fi daidai, a bi rubutun jikinsa. In babu, a juye ledar fiya wata 2 a kwano mai tsabta, lita 1 ke nan, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a juya har su narke. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Abin da ya kwana awa 24 a zubar a haɗa sabo. Kankana da gurji da kunu da fura mai ruwa-ruwa duk suna taimakawa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai za a yawaita ba shi.

Mai azumi ya zuba ruwa a jikinsa ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, wannan ba ya karya azumi. Shan ruwan da magani sai ya rarraba su tsakanin buɗa-baki da sahur. In ya kai ga jiri mai tsanani ko ruɗewa, ya shiga hukuncin marar lafiya, a ba shi ruwa.

Abin shafawa

Alobera ce kan gaba, kuma tana yi a tukunyar fure ko tsohon bokiti a tsakar gida ba tare da neman ruwa da yawa ba. Warkar da ƙunar aikin jiki ne, ita sanyi da danshi take bayarwa, amma wannan ma ba ƙaramin sauƙi ba ne. Yadda ake sarrafa ta yana da muhimmanci. A yanko ganye mai kauri daga can ƙasa, a jingina shi a kofi, bakin yankan yana kallon ƙasa, minti 10 zuwa 15. Wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye. Wannan ruwan shi ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma rashin tsiyaye shi ne dalilin da wasu ke cewa alobera ba ta karɓe su ba. A wanke ganyen, a yanke ƙayoyin gefe, a tsaga shi biyu, a kankaro farin majinar ciki da cokali mai tsabta, a dama ta har ta yi santsi. A fara ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu inda ba ƙuna, a jira kamar minti 20. In ba zafi ba ƙaiƙayi, a shafa siriri a kan ƙunar da tafin yatsu, sau 3 ko 4 a rana. In ta bushe ta fara jan fata, a ɗauraye da ruwa a sake. Inda ba firji, abin da aka kankare a ranar za a ƙarar da shi. Zafin bazara yana lalata shi da wuri. Ta roba da ake sayarwa ma tana yi, amma a karanta jikinta, in da alcohol ko turare a ciki a bar ta, raɗaɗi za ta ƙara.

Inda ba alobera, kokwamba mai sanyi da aka wanke aka yanka fale-fale, ko aka markaɗa, tana yin kusan aikin jiƙaƙƙen ƙyalle, musamman a fuska. Haka baƙin shayi: ƙullin Lipton 3 ko 4 a lita guda ta tafasasshen ruwa, ba sukari ba madara, a bar shi ya huce sarai, a riƙa tsoma ƙyalle a ciki. Yana rina tufa, a yi da tsumma. Daga kemis kuma akwai ruwan kalamin, wannan mai launin hoda da ake shafa wa yara masu ƙaranbau. A girgiza kwalbar, a dangwala siriri. Yana kwantar da ƙaiƙayi amma yana busar da fata, don haka sau 2 a rana ya isa.

Ga ƙaiƙayin da ke tasowa a kwana na 2 ko na 3, garin oat yana da amfani sosai. A daka kofi guda a turmi ko a niƙa a bilenda har ya zama gari, a ƙulle a ƙyalle mai tsabta, a jefa a bokitin ruwa ana matsawa har ruwan ya yi fari-fari yana santsi. Da shi za a riƙa zubawa a jiki minti 10 zuwa 15. Kada a musanya shi da kanwa ko toka ko ƙullun koko. Biyun farko suna cin fata, na ukun kuma tsaminsa yana zugi.

Man kaɗe da basilin da man kwakwa fa? Suna da ranarsu, amma ba ranar farko ba ce. Mai mai kauri yana rufe fata ya hana gumi da zafi fita, sai wurin ya yi ta turiri daga ciki. A jira har a ɗora bayan hannu a ji ɗumin wurin ya daidaita da sauran jiki, galibi bayan kwana 1 ko 2. A lokacin ne man kaɗe ke nuna kyansa: a narkar da ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu, a shafa bayan wanka fatar na da danshi, safe da dare. A nemi tsantsarsa, wanda ba a haɗa da turare ko wani abu ba.

Maganin raɗaɗi

Babban mutum zai iya shan farasitamol mai 500mg ƙwaya 2, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. A lura da magungunan mura da na ciwon jiki, da yawansu da farasitamol a ciki, haɗa su yana kai mutum ga wuce ƙima ya taɓa hanta. Ibuprofen ya fi shi rage kumburi, kuma ya fi aiki in an sha da wuri: 400mg bayan kowace awa 8, a kan abinci, na kwana 2 ko 3. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda ruwan jikinsa ya ƙare bai mayar ba tukuna, su tsaya a kan farasitamol. Kada a haɗa ibuprofen da diclofenac, dangi ɗaya ne, cikin da ƙodar ne za su sha wahala.

Na yara da nauyi ake aunawa, 15mg a kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha 150mg, wato kusan 6ml na ruwan farasitamol mai 120mg a 5ml, kada ya wuce sau 4 a awa 24. A auna da murfin awo ko sirinji, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Asfirin ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne.

Babba zai iya shafa hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, siriri, sau 2 a rana na kwana 2 zuwa 3, a fatar da ba ta fashe ba. A karanta tub ɗin da kyau. Tub ɗin da aka rubuta clobetasol ko betamethasone a jikinsa ya fi ƙarfin wannan aikin nesa ba kusa ba, su ne ma ake cusawa a mayukan bilicin, kuma suna sirantar da fata. Ƙaiƙayin da ya hana barci, cetirizine 10mg sau ɗaya a rana yana rage shi. Piriton ma yana yi amma yana sa gyangyaɗi, direba da mai Keke Napep su kiyaye.

Abubuwan da ke mayar da ƙaramin ciwo babba

Makilin shi ne ya fi yawa. Sanyin da ake ji na ɗan lokaci ne, daga baya ya bushe ya manne, kuma wanke shi a kan ƙuna azaba ce. Man zafi irin su Robb haka suke, sanyi a farko, wuta a ƙarshe. Ɗanyen ƙwai da kashin shanu da ƙasa suna kai ƙwayoyin cuta cikin fatar da ta riga ta raunana. Baƙin mai da kananzir da fetur guba ne. Sifirit da turare da gishiri suna ƙara cin wurin. Lemon tsami yana da nasa sharrin daban: in ruwansa ya taɓa fata rana ta haska wurin, yakan haddasa wata sabuwar ƙuna mai bororo, ya bar baƙin tabo na watanni.

Kindirmo da nono suna da sanyi, shi ya sa ake shafa su, amma nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗaukar cuta, ga jan ƙuda. A sha shi ya fi. Lalle ma ana sa shi don sanyi, amma kada a kusantar da shi ga jikin jariri ko kaɗan. Akwai yara da yawa a ƙasar nan da aka haifa da wani raunin jini da ake kira G6PD, iyaye ba su sani ba, kuma lalle a jikin irin wannan jaririn yana iya farfasa masa jini ya kawo shawara mai tsanani.

Uwargida da amarya, dilka da halawa da kurkum da tsugunno a kan turaren jiki duk a ɗaga su har fatar ta gama saɓa ta koma daidai, aƙalla mako 2. Sabulun salo da sabulai masu magani su ma a ajiye su. Sabulu marar ƙamshi, irin na jarirai, ya wadatar ga sauran jiki. Mai shafa man bilicin ta dakatar da shi a wurin ƙunar gaba ɗaya.

In ta ɗuri ruwa

Bororo alama ce ƙunar ta wuce saman fata. Fatar da ta kumbura ɗin nan ita ce bandejin da ya fi kowanne tsabta, don haka ba allura, ba reza, ba ƙaya. A wanke gefensa da ruwa, a rufe sako-sako da bandeji mai raga-raga don kada tufa ta goge shi. Auduga ba ta hawa kai, zarenta yana mannewa a ciwo. In ya fashe da kansa, a wanke hannu, a wanke wurin da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan sabulu marar ƙamshi, a bar fatar ta kwanta a inda take, a shafa basilin siriri a jikin bandejin don kada ya kama, a rufe. A canza kullum. In bandejin ya manne, a jiƙa shi har ya saki da kansa. Alobera da kalamin da shayi duk na fatar da ba ta fashe ba ne. Zuma tana da tarihi a jinyar ƙuna, amma wadda asibiti ke amfani da ita tatacciya ce ta musamman, ta kasuwa kuwa sau da yawa da haɗi a ciki. Wajen alwala, shafa a kan bandeji ya halatta ga mai rauni, ba sai an kwance ba.

Da dare a shimfiɗa zanen gado mai laushi a kan tabarma, a sa riga sakakkiya ta auduga. Shadda mai sitaci da leshi da hijabin roba suna gurzar wurin. In ƙafa ko hannu ne ya kumbura, a ɗora shi a kan matashi. Lokacin saɓa kuma, hannu yakan yi ta kai kansa wurin, amma jan fatar yana ɗauko har wadda ba ta nuna ba, ya bar tabo. A bar ta ta zube da kanta. Duhu ko dabbare-dabbaren da ke biyo baya yakan washe cikin makonni ko 'yan watanni in an kare wurin daga rana.

Inda jinyar gida ta ƙare

Wanda aka shigo da shi daga rana jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko bai gane mutane ba, yana tangaɗi, ko ya suma, ko yana jijjiga, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A kwantar da shi a inuwa, a rage masa tufa, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata da matsematsi, a nemi mota ana ci gaba da hakan a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. A aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi a Makka ya haura digiri 51, alhazai fiye da 1,300 ne suka rasu, don haka maniyyatanmu su riƙe lema da gorar ruwa da gaske, musamman ranar Arfa da wajen jifa.

A tuna kuma bazara lokacin sanƙarau ne a wannan yankin. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya da ƙin haske, kada a ce rana ce ta buge shi a zauna gida.

Sauran abubuwan da ke buƙatar asibiti: ƙuna kowace iri a jikin jaririn da bai kai shekara ba, bororo a fuska ko al'aura ko hannu, ko wanda faɗinsa ya wuce tafin hannun mai ciwon, zazzaɓi da rawar ɗari da amai, awa 8 ba fitsari, mugunya ko wari, ko zafin da ke ƙaruwa bayan kwana 2, ko kaluluwa a hammata ko matsematsi. Mai ciwon suga ya kai ko ƙaramin bororo ne, musamman a ƙafa. A cikin birni akwai Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, yara kuma ga asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Na ƙauye ya fara da asibitin da ya fi kusa, su tura shi gaba in ya kama.

Ido ma yana ƙonewa. Masu walda sun san shi sarai, domin hasken walda irin wannan hasken ne: awa 6 zuwa 12 bayan aiki, cikin dare, ido ya yi ja yana hawaye kamar an zuba yashi. A zauna a ɗaki mai duhu, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kan rufaffen ido, a sha farasitamol, kada a murza. Ba kwalli, ba nonon mace, ba ruwan sukari. Yakan lafa cikin kwana 1 zuwa 2. In ya wuce haka, ko gani ya ragu, sai asibitin ido.

Komawa bakin aiki

Sabuwar fatar da ta fito bayan saɓa ta fi tsohuwar saurin ƙonewa, kuma ba kowa ke da halin zaman gida ba. Da sanyin safiya akan kama fara: aikin fili a tura shi daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma hasken ya fi kaifi, kuma in inuwarka ta fi ka gajarta, kana cikin wannan lokacin. Malfa mai faɗin baki tana rufe kunne da ƙeya da hanci, wuraren da hula ta bari a fili. Rawani da doguwar riga mai dogon hannu sun daɗe suna wannan aikin. A ɗaga yadi a kalli rana ta cikinsa, in haske yana ratsowa sosai, kariyarsa kaɗan ce.

Man kariya a nemi mai SPF 30 zuwa sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa a jikin robar, a shafa minti 20 kafin fita, a sake bayan kowace awa 2, da bayan alwala ko gumi mai yawa. Fuska da wuya da kunnuwa suna cin kusan ƙaramin cokali guda, kowane hannu ma haka. Yawancin mutane rabin wannan suke shafawa, sai su ce man ba ya aiki. Kada a bar robar a cikin mota ko aljihun babur, zafi yana kashe ƙarfinta.

Ga yaro zabiya, SPF 50 ne, kullum, har ranar hazo da damina, tare da malfa da dogon hannu da tabarau mai tare UV. Iyaye su je makaranta da kansu su roƙi malamai a bar shi ya sa malfarsa, a tsayar da shi a inuwa lokacin taron safe, a ɗauke masa shara da aikin fili da rana, a kuma zaunar da shi a gaban aji saboda ganinsa. A gida kada a ɗora masa talla ko kiwo da tsakar rana. Ƙunar da ke maimaituwa shekara da shekaru ita ce ke zama sankarar fata a jikin zabiya, sau da yawa tun suna samari. Sau ɗaya a wata, a zaunar da shi a wuri mai haske a duba leɓensa na ƙasa, da saman kunnuwa, da ƙeya, da bayan hannu. Wuri mai kaushi kamar ɓawo da ke dawowa in an kankare, ko gyambon da ya kai wata guda bai rufe ba, ko ƙurjin da ke zubar da jini in an taɓa, a kai shi wurin likitan fata a makon, tun yana ƙarami ana iya cire shi.